Me ya sa Go yake ƙin tashi a kan ɗan ƙaramin kuskure?

Ɗan Koyo

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma gaskiya raina ya soma ɓaci. Wata huɗu ke nan ina koyon yaren rubuta manhaja na Python, sai yayana ya ce in gwada wani yaren, Go, tunda aikin saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet, nake son yi nan gaba. Na ce bari in fara da abin da na sani. Kawuna yana sayar da hatsi a Dawanau, ni nake riƙe masa littafi in na dawo daga makaranta. Layi uku kacal na rubuta:

```
buhu := 12
farashi := 45500.50
jimla := buhu * farashi
```

Ya ƙi tashi, ya rubuto mini `mismatched types int and float64`. Na lallaɓa na gyara, sai ya sake ƙi, wai na sanya wa wani abu suna ban yi amfani da shi ba. Da a Python ne da tuni na ga amsata. Shin 12 ba lamba ba ce? 45500.50 ba lamba ba ce? Ina laifin ninka lamba da lamba?

Injiniyan Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ranka ya ɓaci, abin da ya tare ka shi ne ainihin darasin farko, kuma gara da ya tare ka tun yau.

Abu biyu ne suka haɗu maka. Na farko, Go ba ya gudanar da rubutunka layi bayan layi. Akwai manhajar da ake kira kompaila, ita ce take karanta dukan abin da ka rubuta daga farko har ƙarshe, ta juya shi zuwa harshen injin, sannan a samu fayil ɗin da zai yi aiki. Ka ɗauke ta kamar mai fassara wasiƙa: sai ya karance takardar duka, in ya ga wurin da magana ba ta haɗu ba ya dawo maka da ita kafin a aika. Python kuwa ya fi kama da tafintan kotu, ana faɗa yana juyawa. In akwai ɓaraka a jimla ta hamsin, ba wanda zai sani sai an iso ta.

Na biyu shi ne nau'i. Kowane suna da ka ƙirƙira, ka ɗauke shi a matsayin mazubi. A Go, tun ranar da aka yi mazubin ake yanke abin da zai riƙa ɗauka, kuma ba ya canzawa. Da ka rubuta `buhu := 12`, kompaila ta ga cikakkiyar lamba ta ce wannan `int` ne. Da ta ga 45500.50 ta ce wannan `float64` ne, lamba mai ɗigo. A idonka duka lambobi ne, amma a cikin ma'adanar kwamfuta tsarin ajiye su ya sha bamban, kuma umarnin da injin yake ninka su da shi ma daban ne. Go ba ya juya ɗaya zuwa ɗaya a ɓoye. Sai ka faɗa da bakinka: `float64(buhu) * farashi`.

Jarkar man gyaɗa da ta kalanzir duk jarka ce, amma wanda ya rubuta suna a jikin kowace ba wahalar banza ya yi ba.

Mai Son Python

Injiniya, da girmamawa, ni ban yarda a fara wa sabon shiga da wannan ba. Yaro ya zo da zumuɗi yana son ya ga abu ya motsa a allo, sai a tare shi da ƙa'ida tun a bakin ƙofa. Na koyar da yara a wata cibiya shekara biyu, na ga yadda suke sarewa in abu ya ƙi tashi sau uku a jere. A bar shi ya koyi tunani tukuna: sharaɗi, maimaitawa, rarraba matsala. Nau'i zai zo daga baya.

Kuma a daina cewa Python bai san nau'i ba. Ya sani sarai. Ka haɗa "12" da 3 da alamar tarawa ka gani, zai tsaya ya ce bai yarda ba. Bambancin kawai shi ne lokacin da yake dubawa.

Anti Mai Lissafi

Ai lokacin dubawar shi ne duka maganar, ɗan'uwa. Ni akawu ce kafin in shiga rubuta manhaja, bari in ba ku abin da ya same ni.

Na taɓa rubuta wa wata ƙungiyar mata masu adashi ɗan shiri da Python. Ana shigar da kuɗin zubi, a ninka da yawan makonni. Abin da aka buga a allon madannai a matsayin rubutu yake shigowa, ba lamba ba, ni kuma a wuri ɗaya na manta ban juya shi ba. Tarawa Python yake ƙi, amma ninkawa ba ya ƙi. In ka ninka rubutun "12" sau 3, abin da zai ba ka shi ne 121212, kuma ko tari ba zai yi ba. Wurin da kuskuren yake sai ƙarshen zagaye ake isa gare shi, don haka duk gwajin da na yi a gida lafiya ƙalau. Ranar kwasa, a gaban mata, takarda ta fito da wata lamba mai tsawon gaske. Wata dattijuwa ta dube ni ta ce, "'Yar nan, amanar mutane ce fa." Har yau ina jin wannan maganar.

Da Go ne, wannan shirin ko tashi ba zai yi ba a ɗakina, balle ya kai gaban jama'a.

Ɗan Koyo, tunda kuɗin kawunka kake lissafawa, ga abin da ya fi gyaran da Injiniya ya ba ka: kada ka ajiye kuɗi a `float64` ko kaɗan. Ka zuba 0.1 a mazubi ɗaya, 0.2 a wani, ka tara su ka buga. Za ka ga 0.30000000000000004. Ba laifin Go ba ne, haka yake a Python da sauransu, domin kwamfuta da tushen biyu take ƙirga, kuma ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa a tushen biyu, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu lissafin. Ka mayar da komai kwabo, ka ajiye a `int64`. Farashinka ya zama 4550050, sai wajen nunawa ka raba da 100.

Ɗan Koyo

Anti na gode, na gwada a waya yanzu, wallahi haka ya fito da dogayen sifilai. To me ya sa `int64`? Na ga akwai `int32` da `int8` da `uint`, duk sun ruɗa ni.

Injiniyan Kaduna

Lambar da ke jikin sunan girman mazubin ce, wato bit nawa aka ware masa (bit shi ne gurbi ɗaya mai ɗaukar 0 ko 1). `int8` yana ɗaukar daga -128 zuwa 127. `uint8` ba ya ɗaukar abin da ke ƙasa da sifili, daga 0 zuwa 255 yake. `int32` yana tsayawa a 2,147,483,647. Ka ga kamar da yawa, amma in kwabo ne, naira miliyan 21 da 'yan kai ke nan, kuma ka fi ni sanin cewa ciniki a Dawanau yana wuce haka. `int64` ya haura tiriliyan miliyan tara, ba za ka cika shi ba.

Ga inda nake son ka buɗe ido. In ka rubuta 300 ƙarara ka ce a zuba a `uint8`, kompaila za ta hana. Amma in shirin yana cikin aiki ne lamba ta kai 255 aka ƙara ɗaya, ba mai tsayar da kai, sai ta zagayo ta koma 0. Akwai kuma tarkon da sababbi suke faɗawa: sai mutum ya ce ai yawan buhu ba ya zama ƙasa da sifili, bari in sa `uint64`. Buhu 5 a sito, aka cire 7 bisa kuskure, sai littafi ya nuna 18446744073709551614. Ka tsaya a `int` ko `int64`, ka duba da kanka kafin ka cire.

Ka kuma lura da rabawa: 7 raba 2 a tsakanin cikakkun lambobi 3 ne, ragowar ana zubar da ita.

Mai Son Python

To ka ji! Ashe duk da tsaurin nan ɓarna tana wucewa. A Python cikakkiyar lamba ba ta zagayowa, girma take ta yi iya ƙarfin ma'adana. Kuma ku tuna rokar Ariane 5 ta Turai, ranar 4 ga Yuni 1996. Da Ada aka rubuta manhajarta, yaren da ya fi Go tsauri a kan nau'i. An ɗauko lamba mai ɗigo ta bit 64 aka tura ta cikin mazubin bit 16, wanda iyakarsa 32,767. Lambar ta fi ƙarfinsa, na'urar da ke gaya wa rokar inda ta dosa ta tsaya, ta ajiyar ma ta tsaya saboda manhaja ɗaya suke ɗauke da ita. Ko minti ɗaya ba a yi da tashi ba ta tarwatse. Ina kompaila take a ranar?

Injiniyan Kaduna

Gaskiyarka, kuma na ji daɗi da ka kawo wannan. Kompaila ba ta san girman lambar da za ta shigo gobe ba. Abin da ta sani shi ne siffar mazubi. Wancan ɓangaren manhajar daga Ariane 4 aka gado shi, inda lambar ba ta taɓa kaiwa haka ba, sabuwar rokar kuma tafiyarta daban. Wannan kuskuren tunanin mutane ne, ba yaren da zai ɗauke maka shi.

Amma don gidan sauro bai hana ciwon haƙori ba, ba za a ce a daina ɗaura shi ba. Akwai jinsin kurakurai guda da nau'i yake kashewa gaba ɗaya: ba da rubutu inda ake jiran lamba, kuskuren harafi a suna, kiran aiki (wato guntun shiri mai suna) da abu biyu alhali uku yake so, canza wani abu a fayil ɗaya ka manta wurare tara da suka dogara da shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin mutane in shiri ya girma. Kuma ka duba inda duniya ta nufa. Python da kansa ya shigo da hanyar rubuta nau'i a fitowarsa ta 3.5 a 2015. Microsoft ta fito da TypeScript a 2012 don ta ɗora nau'i a kan JavaScript. Waɗanda suka ɗanɗani 'yancin ne da kansu suka dawo suna neman linzami.

Ɗan Maraɗi

Salamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu daga nan Nijar, ina so in ƙara abu guda da ban ga an taɓo ba, kuma a wurina shi ya fi komai daɗi a yaren nan. Kana iya ƙirƙirar nau'inka.

Mu nan kuɗi biyu muke juyawa kullum, sefa da naira, saboda kaya suna zuwa ta Jibiya da Katsina. Sannan a baki ba da sefa muke ƙirga ba, da dala muke yi, dala ɗaya sefa 5. In na ce maka dala ashirin, sefa 100 nake nufi. Jika kuma sefa 1000. To ka ga lamba 200 a littafi, mece ce? Naira ce, ko sefa, ko dala? In dala ce, jika guda ke nan. Sai na rubuta haka:

```
type Kwabo int64
type Sefa int64
type Dala int64
```

Dukansu a ƙasa `int64` ne, amma daga ranar kompaila ba ta yarda in tara Sefa da Dala. Sai na bi ta ɗan aikin da na rubuta wanda yake ninkawa da 5. Yaron da ke taya ni ya taɓa haɗa su, shirin ya ƙi fitowa, ya kira ni yana cewa kwamfuta ta lalace. Na ce masa ba ta lalace ba, asara ta tare mana.

Masu hatsi ma haka, tiya daban, buhu daban.

Anti Mai Lissafi

Malam, Allah ya saka da alheri, wannan misalin ya fi duk wanda na taɓa gani a darasi. Irin wannan ne ya ci kumbon da NASA ta aika duniyar Mars, wanda ya ɓace a Satumban 1999. Wani ɓangaren manhajar yana ba da ƙarfin turawa da ma'aunin fam irin na Amurka, ɗayan yana karɓa a zaton ma'aunin mita ne. Lamba ta wuce lafiya, ma'anarta ce ba ta bi ta ba.

Sai dai a gaya wa Ɗan Koyo, in `d` Dala ce ya rubuta `Sefa(d)` kai tsaye, Go zai yarda ya sauya wa lambar riga ba tare da ya ninka komai ba. Ƙofar tana nan, amma sai ka buɗe ta da hannunka, kuma mai duba rubutunka zai gan ta.

Ɗan Koyo

Na fara ganewa. To batun sunan da ban yi amfani da shi ba fa? Wannan ai ba ya cutar da kowa. Kuma wa ya ƙirƙiro yaren da wannan taurin kai?

Baban Khadija

Mutum uku ne a Google: Robert Griesemer, Rob Pike da Ken Thompson. Sun fara a 2007, aka bayyana shi ga duniya a Nuwamban 2009, fitowa ta 1.0 kuma a Maris 2012. Ken Thompson ɗin nan shi ne na tsarin gudanar da kwamfuta na Unix, abokin aikin Dennis Ritchie wanda ya yi yaren C. Damuwarsu ita ce manyan manhajoji da ɗaruruwan mutane ke rubutawa tare, waɗanda harhaɗa su kaɗai yake cin lokaci mai tsawo. Shi ya sa suka yi shi ƙarami, keɓaɓɓun kalmominsa 25 ne kawai, suka kuma hana tarkace. Manyan manhajojin saba irin su Docker da Kubernetes da shi aka rubuta su.

Sunan da ba a yi amfani da shi ba sau da yawa alama ce ta mantuwa. Ka lissafa ragi ka ajiye a mazubi, sannan ka manta ba ka cire shi daga jimla ba. Kompaila ba ta san ciniki ba, amma ta ga an auna abu an bar shi a ƙasa.

Kuma wannan dokar tana da wani amfani babba. Dubi yadda ake juya rubutu zuwa lamba:

```
n, err := strconv.Atoi(shigarwa)
if err != nil {
    fmt.Println("Wannan ba lamba ba ce")
    return
}
```

Aikin abu biyu yake dawowa da su, amsa da kuma rahoton matsala. In kawunka ya buga "goma" da haruffa, `err` zai zo da bayani. Tunda ka karɓi `err`, in ba ka taɓa shi ko'ina ba shirin ba zai fito ba. Kana iya jefar da shi da alamar `_`, amma ka san da gangan ka yi. Mutane suna ƙorafin yawan rubuta `if err != nil`, ni ma yakan gajiyar da ni, amma ban taɓa nadamar rubuta shi ba.

Mai Son Python

Na yarda da rabin maganar. Amma kada a ɓoye masa `nil`, wato alamar "babu komai". Ɗan Koyo, gwada wannan:

```
var sito map[string]int
sito["masara"] = 5
```

Kompaila za ta wuce da shi ba gardama, yana tashi ya faɗi, domin an ambaci taswirar, wato `map` ɗin da ke haɗa suna da lamba, amma ba a gina ta da `make` ba. Haka in ka bi manuni, wato mazubin da ke riƙe adireshin wani mazubi, alhali ba ya nuna komai. Tony Hoare, wanda ya shigo da wannan "babu" ɗin cikin yaren ALGOL W a 1965, da bakinsa ya kira shi kuskuren dalar Amurka biliyan a 2009. Go ya zo a shekarar kuma ya ɗauke shi. Yaren Rust ya rufe wannan ƙofar, sai dai koyonsa ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Matsayina bai canza ba: wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, Python. Amma shi da ya yi wata huɗu, kuma kuɗin mutane zai taɓa, ba zan hana shi Go ba.

Injiniyan Kaduna

A kan `nil` ba ni da ta cewa, rauni ne na gaske. Abin da ke rage zafinsa shi ne Go ba ya barin mazubi da shara a ciki kamar yadda C yake yi. Lamba tana farawa da 0, rubutu da wofi, `bool`, nau'in e ko a'a, da `false`. Manuni da taswira da ire-irensu ne suke farawa da `nil`, su za ka sa wa ido.

Anti Mai Lissafi

Kafin a watse, akwai wanda ya shafe mu mu masu rubuta Hausa. Ɗan Koyo, buga `len("kasa")` sannan ka buga `len("ƙasa")`.

Ɗan Koyo

Na farko 4, na biyu 5! Ai haruffa huɗu ne duka, Anti.

Anti Mai Lissafi

`len` ba haruffa yake ƙirgawa ba, bayit yake ƙirgawa, wato ƙullin bit takwas-takwas. Go yana ajiye rubutunka da tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike ɗin nan suka tsara tun 1992. A tsarin, haruffan Ingilishi bayit ɗaya-ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowanne biyu yake ci. In ka yanko bayit na farko na sunan Ɗahiru don ka yi taƙaitaccen suna a rasit, rabin harafi ka yanko, wata alamar banza za ta fito. Don haka Go yake da nau'i biyu: `byte` na bayit, `rune` na harafi. Ka juya rubutun da `[]rune(suna)` sannan ka ɗauki na farko, ko ka ƙirga da `utf8.RuneCountInString`. In ka zagaya rubutu da `for range`, harafi-harafi yake ba ka.

Abin da ya faranta mini rai, Go yana karɓar haruffanmu a sunaye. Kana iya kiran aikinka `ƙirga`. Kuma dokarsa ta cewa sunan da ya fara da babban baƙi shi ake gani daga wajen kunshi, wato rukunin fayilolin da aka rubuta shi a ciki, tana aiki a kan Ƙ. Na gwada, `Ƙirga` yana fita.

Ɗan Maraɗi

Wannan ban san shi ba, Hajiya, na gode. Rasit ɗina yana yanke sunaye a harafi na goma sha biyar, yanzu na gane dalilin da wasu suke fitowa da alamar tambaya a ƙarshe. Yau da dare zan gyara.

Ɗan Koyo

Na sake rubuta shi duka. Kuɗi a Kwabo, buhu a `int64`, na sa sharaɗi kada a cire fiye da abin da ke sito. Sau shida kompaila ta dawo da ni. Biyar nau'i ne, ɗaya kuwa ragin da kawu yake yi wa mai sayen buhu goma ne, na lissafa na manta ban cire ba, daidai yadda Baban Khadija ya faɗa.

Saura abu ɗaya. Tsohuwar kwamfutar shagon Windows ce, tawa Linux, kuma babu intanet a can. Sai na sauke Go a kanta?

Baban Khadija

A'a ɗana, ba ka bukata. A kan taka za ka rubuta:

```
GOOS=windows GOARCH=amd64 go build
```

Zai ba ka fayil guda mai ƙarewa da `.exe`, duk abin da yake bukata yana cikinsa. Ka sa a filashi ka kai. In injin shagon mai bit 32 ne, ka canza `amd64` zuwa `386`. Ka duba kuma wace Windows ce a kai, domin daga fitowa ta 1.21 Go ya daina tallafa wa Windows 7 da 8, in ita ce sai ka harhaɗa da 1.20.

Kuma mako biyun farko kada ka ajiye littafin takarda. Ka riƙa rubutawa a duka biyun, kullum da yamma ku gwada jimla kai da kawunka.

Ɗan Koyo

To Baba, in sha Allahu. Windows 10 ce, na tambayi yaron shago. Asabar zan kai, zan dawo in gaya muku yadda jimlar ta kasance. Malam na Maraɗi, don Allah in ka gyara na rasit ɗin ka manno mana shi a nan, ni ma sunayen masu bashi nake son bugawa.